Rubutun Ruwa a Bakin Tafkin Kunming

Tun kafin masu kyamara su cika ƙofar gabas
tsoho Duan ya iso da bokitin roba
da alƙalami mai tsawon sanda, bakinsa soso.
Ba ya sayen tawada.
Tafkin ya ishe shi.

Ya san lambun nan kamar yunwar cikinsa.
Tudun can da hasumiya ta ɗare kansa,
ba haka aka tarar da shi ba.
Laka aka yaso daga gindin tafki,
kwando bayan kwando, a kafaɗun talakawa,
don wani sarki ya taya uwarsa murnar cika sittin.
A cikin masu kwandon, in ji mutanen gidansu,
akwai wani kaka na can nesa,
Shitou, wato Dutse.
Ya yi damina biyu yana hawa da sauka,
ranar da aka saki ruwa aka nuna masa ƙofa.
Bai ga furen bado ko ɗaya ba.

Duwatsun lambun duk an sassaƙa musu baki,
suna faɗin wa ya yi umarni, wa ya sha shayi a nan.
Mai sunan Dutse ne kaɗai bai samu dutse ba.

Duan yakan bi ta doguwar rumfa,
inda kowane azara ke ɗauke da zane:
ga masunci, ga tsuntsu, ga jarumi ya ɗaga mashi,
dubbai, har wuya ya gaji ido bai ƙoshi ba.
Wannan ba ta farko ba ce, yakan ce wa jikarsa.
Ta farkon ta ci wuta
shekarar da sojan Ingila da na Faransa suka shigo.
Toka ta kwanta, aka sake ginawa,
da kuɗin jiragen yaƙi, haka ake faɗa.
Shi ya sa yakan yi dariya a gaban jirgin farin dutse
wanda bai taɓa barin gaɓa ba:
ga dai jirgi, Qiuyan, an cika alkawari.

Qiuyan ba ruwanta da sarakuna.
Ita zakunan gada take ƙirgawa,
jiya ɗari biyar da ashirin, yau sun ƙaru,
don wasu 'ya'yan sun ɓuya a hammatar iyayensu.
Ta ce bijimin tagulla da ke kwance a bakin ruwa
yana lumshe ido in ba mai kallo.
Kakanta bai musa ba.
Wanda aka ba gadin ambaliya shekaru ɗaruruwa
ai ya cancanci gyangyaɗi.

Yau rana mafi gajarta a shekara.
Tafki ya daskare, yara na zamiya a kan kujeru.
Duan ya kawo ruwan ɗumi daga gida a gora.
Can da yamma jama'a suka yi dafifi,
kowa ya ɗaga waya,
rana ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin gada,
ƙofofinta goma sha bakwai suka kama da ja
kamar an jera murhu a kan ƙanƙara.

Shi ya juya musu baya.
Ya tsoma soso, ya ja layi a kan daɓe,
ya sake ja, hannu na rawa:
Duan Shitou.

Da zafi, kafin ya ɗaga bokiti sunan ya bushe.
Shekara goma sha ɗaya yana rubutawa, rana na lashewa.
Amma yau sanyi ya riƙe ruwan.
Haruffan suka yi ƙyalli, suka ƙi tafiya.

Mai shara ta zo da tsintsiyarta,
ta tsaya, ta karanta a hankali,
ta kewaye.